Aminina ya dawo wata biyu bai neme ni ba, kuma akwai bashi tsakaninmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a unguwar Zango, cikin Damagaram, shekaruna 46. Ina da aboki da muka tashi lungu ɗaya a Birni, gaban malami guda muka yi allo, rana ɗaya aka kai mu lakwal (makarantar boko). Shekara 19 ke nan da ya tafi Libiya, daga baya aka ce ya koma Aljeriya. Da zai tafi na ba shi rancen jaka 150 (sefa dubu 150), kuɗin da nake tarawa in sayi keke na biyu. Shekara biyu muna waya, sai ya yi ɗif. Na ji haushi ƙwarai, har ta kai da mahaifinsa ya rasu shekara 8 da suka wuce, ina cikin gari amma ban je gaisuwa ba. Abin yana ci na har yau. Yanzu wata biyu da dawowarsa, yana gidan wansa a Garin Malam, an ce bai zo da komai ba. Bai neme ni ba. Na samu lambarsa, kullum sai in duba in mayar da waya aljihu. Mahaifiyarsa na nan da rai a tsohon gidansu. Matata ta ce shi ya kamata ya zo tunda shi ake bi. In je ko in jira? In na je me zan ce? Kuɗin fa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam tela. Ka je. Sauran abin da za mu faɗa duk a kan yadda za ka je ne, don a nan mutane ke ɓata lamarin.

Uwargida tana da gaskiya ta fuska ɗaya: wanda ake bi shi ke neman mai kuɗi. Amma akwai ƙa'idar da ta riga wannan a Damagaram. Wanda ya sauka daga tafiya, na gida ne ke taka ƙafa su je yi masa barka da sauka. Haka ake yi wa alhaji, haka ake yi wa ɗan ci-rani. In kana ƙirga kwanakin da bai zo ba, shi ma yana da nasa lissafin, kuma cikin nasa akwai gaisuwar mutuwar uba da ba a yi ba. Ka ɗora biyun a sikeli ka ga wanne ya fi nauyi a idon mutanen Birni, jaka 150 ko zaman makokin da aka duba ba a gan ka ba. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim kuwa ka san shi tun kana yaro: bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama.

Shirunsa kuma, kada ka fassara shi da raini. Mutumin da ya yi shekara 19 a waje, abin da ake jiran gani a hannunsa tsaraba ce. Yara na jira, dangi na jira, maƙwabta na leƙe. Wanda ya dawo hannu rabbana yakan shige ɗaki ya rage fita, ya zaɓi masallacin da ba a san shi ba, ya kauce wa Kasuwar Dole ranar Alhamis don kada ya yi kiciɓis da idon sani. A cikin duk waɗanda yake gudu, kai ne na farko, don kai kaɗai ne yake jin kunyarka biyu: ta tsaraba da ta bashi. Wannan kunyar ba ta raguwa da jira. Kowane wata da ya wuce yana ƙara masa wahalar ƙwanƙwasa ƙofar shagonka, don yanzu sai ya nemi uzurin shekara 17 da kuma na watannin da ya yi a gari.

Kafin ka fita gida, ka gama da maganar kuɗin a zuciyarka. Wannan shi ne aiki na farko, kuma wanda aka fi tsallakewa. Mutum ya tafi yana cewa ai ba don kuɗi ya zo ba, alhali bai yanke komai ba, sai magana ta zame masa tsakiyar hira, ko ta fito a fuska. Hanya uku ce gabanka. Ko ka yafe, ko ka ɗaga masa sai ya samu, ko ku tsara biya kaɗan-kaɗan. Aya ta 280 cikin Baƙara ta ambaci biyun farko: mai ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi, kuma a bar masa sadaka ya fi alheri. Ba mu ce dole ka yafe ba. Guminka ne, kekenka ne ya tafi a ciki, kuma wanda ya yafe da baki zuciyarsa na riƙe da abin ya fi wanda ya fito ya ce yana so a biya shi cutar da abota. Ka gwada kanka da wannan: in ka gan shi gobe ya sayi sabon babur, ranka zai sosu? In zai sosu, ba ka yafe ba, kada ka ce ka yafe. Ka zaɓi ɗagawa.

Abu biyu game da kuɗin da ba su da sassauci. Jaka 150 ka ba shi, jaka 150 kake bi. Gaskiya ne abin da suke saye a wancan lokaci ba su sayensa yau, amma ƙara wani abu a kai saboda shekarun da suka wuce riba ce. In shi da kansa ya ƙara wani abu ranar biya ba tare da sharaɗi ba, wannan kyautatawa ce tasa. Na biyu, in ka yafe, kada ka lissafa yafiyar a cikin zakkarka. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, hakan ba ya isar wa mutum. Duk abin da ka yanke, uwargida ta ji shi daga bakinka kafin kowa, da dalilinka. In ta ji a bakin mata wajen suna, ka buɗe wata rigimar a gidanka, kuma abokin naka ne zai riƙa ganin sakamakonta a yadda ake kawo masa ruwa.

Ƙafarka ta farko ba Garin Malam za ta nufa ba. Birni za ka je, wajen tsohuwa. Ita ka yi wa laifi kai tsaye, don ita ce ta zauna takaba tana ganin masu shigowa, ta san wanda ya zo da wanda bai zo ba. Ka je da hantsi, wajen ƙarfe 10, lokacin da gida ya lafa, an gama karin kumallo ba a shiga hidimar rana ba. Ka riƙe goro, sabulu da sukari, ka dunƙula mata jaka 2 in za ka tashi. Kada ka kai abin da za a ce ka zo sayen yafiya. Ka yi sallama a zaure ka jira a yi maka iso, ko da a da kai tsaye kake shigewa har madafa. Ka durƙusa yadda ka saba. In an gama gaisuwa ka ce: “Inna, na zo yi miki gaisuwar Baba. Ina gari aka yi, ban zo ba, ban da hujja. Ki yafe mini.” Ka tsaya nan. Kada ka ce kana Kano lokacin, kada ka ce aiki ya yi yawa, kuma kada sunan bashi ya fito, don da wuya ta san da shi, in kuma ta sani to ciwo ne a gare ta. Ka yi wa mamaci addu'a a gabanta. Tana iya yi maka faɗa, tana iya kuka, tana iya tambayar yaranka kamar ba a yi komai ba. Ko wanne ta yi, ka karɓa. Minti 20 zuwa 30 sun isa.

Amfanin wannan zuwan ya wuce sauke nauyi. Kafin magariba labari ya kai Garin Malam cewa wane ya zo ya durƙusa gaban Inna. Abokinka zai ji cewa kai ma ka zo da naka laifin a hannu, ba da takardar bin bashi ba. Wannan ya fi duk wani saƙo da za ka tsara.

Bayan kwana ɗaya ko biyu sai saƙo. Lambar da aka ba ka, ka fara tabbatar da ko tasa ce. Layi sai da katin shaida ake yi masa rajista, kuma da yawa cikin masu dawowa takardunsu sun salwanta a hanya, don haka sukan riƙe layin wa ko na ƙane, wani lokaci waya ɗaya ce ke yawo a hannun mutum uku. Kada ka tura abin da ba ka so wansa ko matar wansa su saurara. Saƙon murya ya fi rubutu, don muryarka zai gane kafin ya gane maganarka, kuma ya fi kira, don kira yana tilasta masa amsa nan take alhali bai shirya ba. Kada ya wuce daƙiƙa 40. Kamar haka: “Salamu alaikum, ni ne wane, ɗan gidan wane na Birni. Na ji ka sauka lafiya, barka da zuwa. Ina so in zo in gaishe ka ranar Asabar bayan la'asar, in Allah ya kai mu.” Ka lura, rana da lokaci ka faɗa. “Sai na shigo” ba alkawari ba ne, kowa ya san haka. Kalmomin da za ka guje wa su ne “akwai maganar da nake so mu yi”, don kunnensa kuɗi zai ji. Haka “ashe ka manta da mu”: a bakinka wasa ne, a wurinsa tuhuma. Tazarar kwana biyu tsakanin saƙo da zuwa ta fi kyau. In ka ba shi mako guda, zai kwana bakwai yana saƙe-saƙe, ranar kuma ka tarar an ce ya tafi Mirya.

Ka je kai kaɗai. Tsofaffin abokan fada, wato majalisar hirarku, za su so rakiya, ka ce musu sai karo na gaba. Mutum biyar a kan tabarma ɗaya suna kallon mutum guda, tambaya ce za ta yi ta sauka kansa, kuma a cikin biyar ba a rasa mai bakin da zai ce “to me aka samo mana?” Ka sa kayan da kake zuwa aiki da su masu tsabta, ba shaddar sallah ba. Mun san tela ba ya son a gan shi da ɗinkin banza, amma ranar ba ta tallar hannunka ba ce. Abin riƙewa: ganyen shayi, sukari kilo guda, ɗan alkaki ko dabino na yaran gida. Duka kada su wuce jaka 3. Hikimar shayin ita ce shi baƙo ne a gidan wansa, mai yiwuwa ba shi da abin da zai tarbe ka da shi, sai ya shiga neman rance don ya fita kunyarka. In kai ka zo da kayan, gawayi da buta kawai za a nema.

Shayin kuma shi ne agogonku. Zagaye uku a kan gawayi yana cin awa guda zuwa awa da rabi, daga la'asar ya kai ku gab da magariba, kiran salla ya raba ku ba tare da wani ya ce ya gaji ba. Yana kuma ba hannu da ido abin yi lokacin da baki ya rasa ta cewa, wanda tabbas zai faru.

Da kun gaisa, ta'aziyyar za ka fara yi, kafin ka zauna sosai. Kalmomin da ka faɗa wa Inna su za ka maimaita, ba ƙari. In ya ce “ba komai, ya wuce”, kada ka tsawaita. In ya yi shiru, ka bar shirun. Kada ka biyo da “amma kai ma”, don wannan “amma” ɗin ita ke mayar da neman afuwa shari'a. Wajen kiran suna, ka kira shi yadda mutanen gidan ke kiransa, ko ka sa Malam a gaba. Laƙabin ƙuruciya ka bar shi ya fara. Mutum mai furfura ba ya son 'ya'yan wansa su ji sunan da ake tsokanarsa da shi a makarantar allo. In ya kira ka da naka, ka san ƙofa ta buɗe.

Akwai wani abu da ba a cika shirya masa ba: lissafin mamata. Cikin shekara 19 an rasa mutane da yawa a lungunku, watakila har malaminku, har wasu cikin sa'o'inku. Wasu ya ji, wasu bai ji ba. Kada ka zazzage masa su a zama ɗaya kamar mai karanta sanarwa. In ya tambayi wane, ka faɗa masa gaskiya, ku yi addu'a, ka jira tambaya ta gaba. In akwai wanda ya kamata ya je wa gaisuwa, ka ce za ka raka shi wata rana. Wannan rakiyar ma dalili ce ta haɗuwa ta biyu.

Tambayoyin da za ka haɗiye: me ya hana ka kira, ina kuɗin da ka tara, ina matarka, yaushe za ka koma, me za ka yi yanzu. Kowace cikinsu tana da amsa mai ɗaci, kuma zai ba ka ita da kansa in ya ga ba ka matsa ba, galibi a zama na uku ko na huɗu. Ka bar maganar siyasa. Ka bar ta sadalu da ƙabalu. In kun tashi salla ka ga ya sauya yadda yake riƙe hannu, ka kawar da kai. Abin da za ka tambaya shi ne wanda yake da amsarsa ba kunya: wace sana'a ya koya, yaya Larabcinsa, wane abinci ya fi kewa, yaya ya ga gari. Wannan ta ƙarshen tana da daɗin hira, don Damagaram ɗin da ya bari ba ita ya tarar ba. Jami'a bayansa aka buɗe ta, matatar mai ta hanyar Tanut a 2011 ta fara aiki, unguwanni sun miƙe inda ya san gonaki. Duwatsun Birni da wahalar ruwa ne kawai za su ce masa sannu da zuwa kamar jiya.

Kuɗin fa, in shi ya tayar? Sau da yawa yakan tayar, wajen rakiya, murya ƙasa-ƙasa. Amsarka ta kasance a shirye, jimla ɗaya. In ka yafe: “Na yafe maka su duniya da lahira, kada ka sake ambatonsu.” In ɗagawa ce: “Suna nan, ba na neman su yanzu, sai ka tsaya da ƙafarka.” Abin da ba ma so shi ne “haba, bar wannan maganar”, don ba yafiya ba ce, ba kuma bi ba ce, za ta bar shi yana rataye, kai ma haka. In bai tayar ba, kai ma kada ka tayar a zuwan farko ko na biyu. Amma kada ya wuce wata guda ba ku yi ta ba, ku biyu kaɗai, ba a gidan wansa ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda aka ƙi ambata shi ne ke ruɓewa.

In biya kuka tsara, ku sa adadin da ba zai karye ba. Jaka 5 a wata zai ɗauki wata 30, jaka 10 wata 15. Ƙaramin da ake cikawa ya fi babban da za a fasa a wata na uku, don ranar da ya kasa biya ita ce ranar da zai sake fara kauce wa titin shagonka. Ku rubuta, da shaidu biyu, kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta ce, kuma ku ware wurin biya daga wurin hira: ya turo ta kamfanin aika kuɗi ko ya ba yaron shago, kada shayinku ya zama ranar karɓar bashi. In kuma yafewa ka yi, ka sanar da mutum biyu da ka amince da su. Rai ba a bakin komai yake ba, bashin da ba a san an yafe ba yana shiga cikin gado, magada su tashi neman abin da ka riga ka bari.

Wata magana da ya kamata ka sani tun da wuri. Wanda ya tafi Libiya a wancan lokacin, mai yiwuwa yaƙin 2011 ya rutsa da shi. Waɗanda ake korowa daga Aljeriya kuma, da yawa ana sauke su cikin sahara su tako kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka, garin Nijar na bakin iyaka, bayan an tsare su, wasu an raba su da waya da kuɗi da duk abin da suka tara. Ba mu ce abin da ya same shi ke nan ba, amma ka sa ido. Rashin barci, firgita da ƙarar ƙofa, fushi ba dalili, zama shi kaɗai cikin duhu, ko jingina da ƙwaya irin tiramol, duk alamu ne. In ya fara ba ka labari, ka saurara, kada ka katse shi da “ai sai haƙuri” tun bai kai ƙarshe ba, kuma abin da ka ji kada ya kai fada. In alamun sun yi yawa, musamman in ya fara cewa rayuwar ba ta da amfani, ka sami wansa ku kai shi babban asibiti ya ga likita. Addu'a da magani ba sa korar juna.

Taimako kuma yana da nasa tarkon. Zumuɗin haɗuwa yakan sa mutum ya yi alkawarin da ba zai iya ba: zan sama maka aiki, zan ba ka jari, mu haɗa kasuwanci. Kada ka ɗora sabon rance kan tsoho. In ya nemi wani abu, ka ba shi kyautar abin da in ya tafi ba za ka ji ba, ka ce kyauta ce. Kada ka tsaya masa lamuni wurin kowa, kada ku haɗa jari, sai aƙalla wata shida sun wuce ka ga yadda yake riƙe alkawari yanzu. Yaron da ka sani ka sani. Dattijon nan sai ka koye shi. Abin da kake da shi mai tsada shi ne mutane. Shagon tela ba ya rabuwa da masu gini da masu aurar da 'ya'ya. In ya iya filasta, fenti ko saka tayil, kamar da yawa cikin waɗanda suka yi aiki a can, ka haɗa shi da mutum ɗaya, aiki ɗaya ƙarami. In takardunsa sun ɓace, ka ba da safiya guda ka raka shi ma'aikatar magajin gari neman kwafin takardar haihuwa. Ɗinki kuwa, mun san hannunka zai yi ƙaiƙayi. Ka bari sai sallah ta matso, lokacin da kowa ke ɗinki, don in ka kawo yanzu cewa ka yi kayansa sun tsufa. Yadin da zai ci kai ka fi mu sani.

Inda irin wannan abota ta fi mutuwa ba zuwan farko ba ne, na uku ne ko na huɗu. Labarin dukan malam, satar mangwaro da hawan ƙaho duk an ba da su an yi dariya, sai a wayi gari ba sabon abin cewa. Kowa ya koma gida yana tunanin ɗayan ya canza. Maganinsa shi ne a sami abin da ake yi tare, mai rana tsayayya. Benci a ƙofar shagonka kowace Talata da yamma. Ko ku haɗu sallar Juma'a ku tako tare. Ko duk mako biyu ku je gaida Inna, wanda ya fi duka, don tsohuwa ba ta rasa labari kuma ita za ta riƙa tambaya in ɗaya bai zo ba. Sau ɗaya a mako da kira ɗaya a tsakani sun isa. Masu kiran safe da yamma a makon farko su ne ke gajiya a wata na biyu. Iyalai kuma kada a gaggauta haɗa su; ka gayyace shi cin abinci gidanka bayan an gama da maganar kuɗi, ba kafin nan ba, don tuwon mai bin ka bashi ba ya wucewa a maƙogwaro.

Yana yiwuwa kuma ya ƙi. In saƙon farko bai samu amsa ba, ka jira mako guda ka bi ta wajen wansa, ka ce gaisuwa kawai kake son yi. In nan ma shiru, ka je ka yi la'asar a masallacin unguwarsu, bayan sallama ka miƙa masa hannu, ka yi masa barka da sauka da ta'aziyya a tsaye, minti biyu, ka tafi. Uku ke nan, kuma ko neman izinin shiga gida sau uku aka ce a yi, in ba a ba ka ba ka koma. Daga nan kada ka aika kowa ya yi masa wa'azi, kada ka kai ƙararsa wurin tsohuwa. Ka ci gaba da zuwa sunansu da jana'izarsu, ka gaishe shi in kun haɗu, ranar sallah ka sa gidan wansa cikin gidajen da kake zagayawa. Zuwa wajen Inna kuwa ba ya cikin wannan lissafin. Ko ɗanta ya amsa ko bai amsa ba, ita ka ci gaba da leƙa ta duk mako biyu, da goronta.